FILIN 'YAN MATA ADON GARI: Rigar Wasa Ba Fatar Jiki Ba Ce

   

Na so a wannan fitowa in ƙarasa maganar kayan lefe da muka faro, to amma sai wata wasiƙa ta iso ni daga ƙasar Sule Tankarkar, wadda tun da na karanta ta na kasa samun sukuni. Na ɓoye sunan mai ita kamar yadda ta roƙa. Ga abin da ta ce:

"Anti, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Ni yarinya ce 'yar shekara goma sha takwas, ina ajin ƙarshe a makarantar kwana. Tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ranar farko malamarmu ta dube ni ta ce muryata tana da kauri, idona kuma yana da kaifi, don haka ni zan fito a kishiya. Na yi, aka yi ta tafi. Tun daga ranar Anti, in ba kishiya ba to uwar miji, in ba uwar miji ba to matar uba mai zuwa gidan boka. Ƙawayena suka sa mini suna Daso, sunan ya biyo ni har gida. Bara ranar rabon kyaututtuka wani ya ɗauki wasanmu a waya, ya yi ta yawo gari gari. To Anti akwai mai nemana, yana sana'ar riɗi da zoɓo a kasuwar Maigatari, iyayena sun yarda da shi, an ce sai na gama jarrabawa a kawo kuɗi. Kwatsam aka nuna wa mahaifiyarsa wurin da nake barbaɗa wa kishiyata magani a tuwo. Ta ce wallahi ba da ita ba, wai duk yarinyar da ta iya irin wannan harara ba koya ta yi ba, a jininta yake. Shi kuma ya ɗauke ƙafa yau sati uku ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne na fara zargin kaina. Ko ƙannena na yi wa magana sai a ce ga Daso nan ta fara, ni kuma sai in ji tunda haka aka ɗauke ni bari in yi mai dalili. Don Allah Anti ki gaya mini gaskiya, ni muguwa ce? In bar wasan ne?"

Ƙanwata, share hawayenki ki zauna mu yi magana. Ku ma sauran ku matso, domin wannan wasiƙa ba tata ce ita kaɗai ba. Amma kafin in ba ta amsa, bari mu fara duba su manyan 'yan wasan da ake kwatanta ta da su, mu ga yadda aka yi mutum ɗaya yake kwashe shekara da shekaru yana fitowa da hali ɗaya kamar an ɗinka masa.

Kowacce a cikinku ta san abin da nake nufi. Ana sa fim, tun ba a yi magana ba, da kin ga fuskar wane kin san shi ne saurayin kirki da za a hana shi yarinya saboda talauci. Da kin ga wance kin san kuka za ta yi ta yi har a tashi. Da kin ga Shu'aibu Lawan Kumurci ya shigo da tawagarsa kin san yau akwai ta'adi. Ƙanenki ɗan shekara shida ma yana iya nuna miki ya ce wannan ne akta, wancan ne bos. Sau da yawa har sunan fim ɗin ko na rawar da mutum ya taka yakan haɗiye sunan yanka. Rukayya ta zama Dawayya, Sadiya ta zama Gyale, Hafsat Idris kuwa tun fim ɗin da ta yi a 2016 ake ce mata Ɓarauniya, alhali baiwar Allah ba ta ɗauki allurar kowa ba. Dan'azumi Baba ya daɗe yana rubuta littattafai da shirya fim, amma tun da tashar Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa a 2015, yara ba su san shi da wani suna ba sai Kamaye.

Ni a ganina masu wannan hali kashi uku ne, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba.

Kashi na farko su ne waɗanda da gangan suka gina mutum ɗaya suka zauna a cikinsa, kuma mu ma haka muke son su. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne na gaske, ya ɗauki kakin da ya sani da Hausar bariki ya mayar da su Samanja Mazan Fama, iyayenmu suka yi ta dariya a rediyo da talabijin na Kaduna shekara da shekaru. Har ya rasu a watan Nuwamba na 2023 Samanja ake ce masa. Haka marigayi Rabilu Musa, mutumin Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, wanda ya taɓa aikin gandiroba kafin ya rungumi wasa. Shi kam sunan rawar tasa ma ake liƙa wa fim: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Aloko. Ko me aka sa masa, rawani ne ko kakin ɗan sanda, Ibro ne dai a ciki, da wautarsa da wayonsa da gudun tsiya idan ta ɓaci. Ranar 10 ga Disamba 2014 da aka ce ya rasu, har tsofaffin da ba sa kallon fim sai da suka yi jimami. To waɗannan ba gazawa ba ce ta sa su. Mu Hausawa da tatsuniya aka yaye mu. Wace ce a cikinku ta taɓa cewa kaka ta canza wa Gizo hali? In aka ce ga ta nan ga ta nanku, mun san Gizo zai yi ha'inci, Ƙoƙi za ta yi haƙuri, Kura za ta yi haɗama ta sha duka. Daɗin yana wurin jiran yadda za a yi a wannan karon. Ibro Gizon zamaninmu ne, kuma da ya fito wata rana a alƙali mai kamewa tun daga farko har ƙarshe, da mun ce a mayar mana da kuɗinmu.

Kashi na biyu su ne waɗanda kasuwa ta kulle a ɗaki ɗaya ta jefar da ɗan makullin. Don ku gane wannan sai kun san yadda sana'ar ta taso. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, daga nan harkar fim ɗin bidiyo ta buɗe. A wancan zamani ba a waya ake kallo ba, kaset ne. Mai shirya fim zai kai kayansa wurin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ko Bata, daga can a ɗauro shi a mota zuwa irin su Gumel da Maigatari, har ya tsallaka Nijar. Mai saye ba ya ganin abin da ke ciki, hoton kwali kawai yake gani. Saboda haka ɗan kasuwa abin da yake tambaya shi ne, wa da wa ke kan kwalin? Idan fuskar wance a kishiya ta sayar da kaya a watan jiya, to a wannan watan ma ita ake so, a kishiyar kuma. Ga shi kuɗin kaɗan ne, kwanakin ɗauka kaɗan ne, sau da yawa ma sai an je wurin ɗauka ake gaya wa ɗan wasa ga abin da zai faru a wannan fitowa, ya ƙago maganar da bakinsa. Wanda aka yi wa haka me zai yi in ba ya koma kan abin da ya saba ba? Darakta yana sauri rana za ta faɗi, ba shi da lokacin gwada sabon abu. Yau kaset ya mutu, faifai ma ya bi shi, an koma YouTube da fina-finai masu dogon zango, amma ciwon bai warke ba, don har yanzu fuskar da ke kan hoton talla ita ke sa a danna.

A cikin wannan kashi marigayiya Saratu Giɗaɗo take, wato Daso ɗin da aka liƙa wa ƙanwarmu. Ta fara da fim ɗin Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya a shekarar 2000, kuma da aka ga ta iya masifa da makirci, shi ke nan aka yi ta ɗora mata. Ta iya ɗin kuwa, don in ta zaro ido ta riƙe ƙugu, ke da ke zaune a ɗakinku sai kin ji gabanki ya faɗi. Amma ranar 9 ga Afrilu 2024, ranar ƙarshe ta azumi, da Allah ya karɓi ranta a Kano, me abokan aikinta suka yi ta faɗa? Barkwancinta da faran-faran da jama'a da son yara. Waɗanda suka zauna da ita ba su san waccan matar ta cikin akwati ba. Allah ya jiƙanta da rahama.

Indiyawa ma da muka koyi kallo a wurinsu suna da tasu. Lalita Pawar, tsohuwar nan mai ƙanƙantaccen ido ɗaya da kullum take gallaza wa matar ɗanta, da farinta jaruma ce kyakkyawa. A 1942 ana cikin ɗaukar wani fim abokin wasanta ya kwaɗa mata mari da ƙarfin da ya wuce kima, jijiyar idonta na hagu ta fashe, gefen fuskarta ya shanye. Bayan ta yi jinya ta dawo, sai masu fim suka ga idon ya dace da muguwar suruka. Haka ta ƙare rayuwarta har ta rasu a 1998, mutane suna tsine mata saboda tabon da wani ya yi mata. Ku dubi wannan zalunci. Ita kuwa Nirupa Roy an mayar da ita uwar wahala, ita ce uwar Amita a Deewaar na 1975, ita ce a Amar Akbar Anthony na 1977, ita ce a Mard na 1985, kullum cikin farin mayafi da hawaye. Kuma kada ku ce zaman ɗaki ɗaya ba ya da illa ga aljihu. Wadda aka sani da uwa kawai, fitowa biyu ko uku za ta yi a sallame ta. A 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta gaya wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa biyar akan ba ta a fim, wasu masu shirya fim suka musanta, aka yi ta cece-kuce. Ko ma wane ne mai gaskiya, maganar ta tona yadda masu fitowa a iyaye suke a ƙarshen layi.

Kashi na uku su ne waɗanda laifinsu ne. Allah ya ba su fuska da farin jini, sai suka miƙe ƙafa. Kallo ɗaya, murmushi ɗaya, karkatar da kai iri ɗaya, ko an ce ya fito a likita ko a manomi shi ne dai da gashinsa a gyare da agogonsa. Ba zan kama suna ba, kun fi ni saninsu. Kuma hujjar cewa ana iya fita daga ɗakin tana nan. Sharu Khan ya amsa sunan Rahul a Dil To Pagal Hai na 1997, ya amsa a Kuch Kuch Hota Hai na 1998, ya sake amsawa a Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, har muka ɗauka ba abin da ya iya sai buɗe hannuwa a kan dutse. Amma shi ne mai kisa a Baazigar na 1993, kuma a 2007 ya fito a mai horar da 'yan mata wasan hoki a Chak De India, babu budurwa babu rawar soyayya. Amrish Puri da muka sani da Mogambo tun 1987, a 1995 ya fito a uba mai tsauri wanda a ƙarshe ya saki hannun 'yarsa a tashar jirgin ƙasa, ya sa mu kuka. A nan gida Ali Nuhu da muka sani saurayi a Sangaya da Wasila, da shekaru suka ja ya iya komawa uba da attajiri da mugu, bai tsaya yana jayayya da furfura ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

To ƙannena, duk wannan zagaye da na yi, ga inda na dosa. Ɗan kasuwa ba ya sayar da abin da ba a saye. Mu masu kallo mu ne muke riƙe da ɗan makullin nan. Muna son mu san mugu tun daga fuska don kada mu wahalar da kanmu da tunani. A fim wannan ba komai ba ne, awa biyu ne a tashi. Masifar ita ce idan muka kashe kallo muka fito tsakar gida da wannan idon, muka shiga raba wa mutanen gidanmu rawa. Wannan ita ce mai haƙuri, ko an taka ta ba ta da izinin ta ce wayyo. Wannan ita ce mai tsiwa, ko gaskiya ta faɗa rashin kunya ce. Wannan daƙiƙiya ce, kada a ɓata kuɗin makaranta. Wannan kishiyar uwa ce, an gama magana.

Ban faɗi wannan don na fi ku ba. Ni ma na yi, kuma har gobe ina jin kunyarsa.

Ina 'yar shekara goma sha huɗu a Gumel, lokacin kaset yana tashe, gidan maƙwabcinmu ne mai bidiyo da janareta. Bayan sallar isha'i mukan cika tsakar gidansu, mata da yara, kakata tana gaba a kan tabarma tana tsine wa duk muguwar da ta fito, har tana tofar da yawu. Ana cikin haka Baba ya ƙara aure. Aka kawo amarya daga wani ƙauye na ƙasar Gagarawa, doguwa, baƙa, mai kaurin murya, ba ta cika dariya ba, ga kwalli ram a ido. Daren da aka kawo ta na leƙa na dawo na raɗa wa yayata cewa wallahi an kawo mana Daso. Shi ke nan suna ya zauna. In ta ba mu abinci sai mu faki ido mu zuba wa akuya. In ta yi shara ta ƙofar ɗakin Umma sai mu bi mu tona ƙasa muna neman laya. In ta yi shiru mu ce tana ƙulla wani abu, in ta yi magana mu ce ga shi ta fara. Umma tana hana mu, amma ina, mun riga mun ga fim ɗin, mun san ƙarshensa. Shekara uku baiwar Allah nan tana cikin wannan hali, ban taɓa gaishe ta da sakin fuska ba.

Ranar da Allah ya tashi kunyata ni, da damina ne, Baba ya tafi cin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ruwa ya tsare shi ya kwana can. Cikin dare naƙuda ta kama Umma, jini ya ɓalle. Mu yara sai kuka. Matar nan da muke kira Daso ita ta fita cikin ruwa ba takalmi ta bugo ƙofar mai mota, ita ta rungumi Umma har asibiti, da aka ce ana neman jini ita ta miƙa hannu aka gwada ya dace aka ɗiba. Ta kwana a tsaye. Da asuba na kawo mata ruwan zafi a fulas ina sunkuyar da kai, sai ta dube ni ta ce, "'Yata, zo zauna. Yau Daso ta yi abin kirki ko?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Inna, dama kin sani?"

Ta ce, "Tun daren da aka kawo ni na ji. Na bar ku ne, na ce yara ne, wata rana za su gaji su dube ni."

Kun ji. Shekara uku muna gida ɗaya ban taɓa dubanta ba, waccan ta cikin kaset nake gani. Ƙanen nan nawa da aka haifa a daren, a bayanta ya girma, kuma ranar aurena ita ta riƙe hannuna ta kai ni ɗaki tana kuka. Da Allah bai kawo wannan dare ba fa? Da har yau ina nan ina ba da labarin muguwar matar uba, ina kuma ganin gaskiyata.

Yanzu ke mai wasiƙa, ga amsarki. Ke ba muguwa ba ce. Iya kwaikwayon mugunta baiwa ce ta lura da mutane, kuma muguwar gaske ba ta hawa dandamali ta nuna wa duniya yadda take yi, a ɓoye take abinta da murmushi. Amma akwai wuri ɗaya a wasiƙarki da ya tsorata ni, inda kika ce bari ki yi mai dalili. Nan ne haɗarin yake. Hausawa sun ce suna linzami ne, in kika bari aka ja ki da shi, wata rana za ki waiga ki tarar rigar ta manne da fata. Ki zauna ke kaɗai ki auna kanki tsakani da Allah. In akwai kaifin baki a gida, ki rage shi don kanki, ki nemi afuwar ƙannenki. In babu, to kada ki ƙirƙiro shi don ki cika wa mutane zatonsu.

Wasa kuwa ban ce ki bari ba, in dai iyayenki sun yarda kuma bai taɓa karatunki ba. Ki sami malamarku cikin ladabi ki gaya mata abin da ya faru, ki roƙe ta kafin ku fita ta ba ki wata rawar, uwa mai tausayi ko malamar asibiti ko ma wawiya mai ban dariya. Ku kuma malamai masu karanta wannan fili, don Allah ku riƙa juya rawar nan. Yarinya ba kwalin kaset ba ce. Wadda kuka mayar kishiya shekara biyar, ku kun tashi daga wasa, ita kuwa da shi za ta koma garinsu.

Batun mahaifiyar yaron, kada ki je da kanki, kada kuma ki aika mata da magana ta waya. Ki gaya wa Ummanki komai, a sami gwaggonki ko wata dattijuwa da ake jin nauyinta ta je ta same ta. Kada a tafi da faɗa, don ita ma tsoro ne ya kama ta, uwa ce, kuma irin kallon da na yi wa Innata shi ta yi miki. A ce mata, Hajiya, binciken aure ai ba a waya ake yinsa ba, ga maƙwabta, ga malaman islamiyya, ga matan da suka yi shekara goma sha takwas suna ganin yarinyar nan, a tambaye su. In mai adalci ce za ta sauko. Shi kuma saurayin naki, wannan ce fitowarsa ta farko da ba a rubuta masa abin da zai ce ba. Biyayya ga uwa wajibi ce, ba mu ce ya yi mata tsawa ba. Amma namijin da ya san halinki yana iya durƙusawa gaban mahaifiyarsa ya ce, Umma, a bincika tukuna. In ya kasa ko wannan, ya ɓuya sati uku ba ko sallama, to ki gode wa Allah da ya nuna miki tun kina gidanku. Ki sa jarrabawarki a gaba, ita ce ba za ta ɗauke ƙafa ba.

Kafin in rufe, akwai ɗaya gefen da ya zama dole in ja muku kunne a kai, ku masu shirin fara tsayuwa a zaure. Yadda muke yanke wa mai kaurin murya hukuncin mugunta, haka muke yanke wa mai taushin murya hukuncin kirki. Akwai samarin da suka haddace rawar jarumi tsaf. Ran Alhamis da yamma an taso daga kasuwa aljihu da ɗan nauyi, a sha wanka a fesa turare a hau babur, a zo a karkatar da kai a ce ba a iya barci saboda ke. Kalmomin da ya gaya miki a Gumel su ya gaya wa wata a Sule Tankarkar ran Talata, ko wasali bai canza ba. Shi ma ɗan wasa ne mai rawa ɗaya, sai dai shi ba a rubuta sunansa a kwali ba balle ki yi hattara. Musa a baki, Fir'auna a zuci. In kina son ki san shi, ki nemi labarinsa a wata fitowar da bai san ana kallo ba. Yaya yake yi wa ƙannensa mata magana? In an ba shi bashi yana biya? In ransa ya ɓaci me ke fita daga bakinsa? Ki sa yayanki ko kawunki su tambayo miki abokan cinikinsa. Zaure wurin wasa ne, kowa da kwalliyarsa yake zuwa, har ke.

Aikin da na ba ku na wannan wata shi ne, kowacce ta duba gidansu ko ajinsu ta nemo mutum ɗaya da aka liƙa wa suna, matar uba ce ko 'yar riƙo ko wata 'yar aji da kowa ke gudu, ta zauna da ita ko na rabin awa ta yi mata hira kamar yau ta fara ganinta. Ku rubuto mini abin da kuka tarar, zan buga waɗanda suka fi ma'ana. Ke kuma ƙanwata ta Sule Tankarkar, ina jiran wasiƙarki ta biyu, ki gaya mini yadda aka kwashe da gwaggo, da kuma rawar da malama ta ba ki.

Maganar lefe tana nan ban manta ba, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku gaida su Umma.

Taku har kullum,
Antinku.